Ma'aikata Na Ƙaruwa, 'Yan Ƙungiyar Ƙwadago Na Raguwa: Ina Gizo Yake Saƙa?

Ma'aikacin Kwantiragi, Kano, ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na zo da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina kuma fatan waɗanda suka ga jiya suka ga yau za su warware mini ita.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shafe shekara 19 yana aiki a wata masana'anta a Bompai. Bayan rasuwarsa da muka buɗe akwatin ƙarfen da yake adana takardunsa, sai muka tarar da katinsa na ƙungiyar ƙwadago a naɗe cikin leda ɗaya da takardar filin gidanmu. A ƙarƙashinsu akwai tsofaffin takardun albashi da ya ɗaure da zare, kowace tana da layin da ke nuna abin da aka cire masa na ƙungiya a wannan watan. Ni kuma yau shekarata 6 ina aiki a wani banki, ina zaune bayan gilashi ina ƙirga kuɗin jama'a tun daga safe har bayan la'asar, amma ban taɓa ba wata ƙungiya ko sisin kwabo ba, ba kuma wanda ya taɓa zuwa ya nema. Mafi yawanmu a reshen, takardar ɗaukarmu aiki ba sunan bankin ke kanta ba, sunan wani kamfanin samar da ma'aikata ne wanda ban taɓa taka ƙofar ofishinsa ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk sa'ad da manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC da TUC, suka kira yajin aiki sai ka ji ƙasa ta tsaya cik. A watan Yunin 2024, lokacin taƙaddamar mafi ƙarancin albashi, har babban layin wutar lantarki na ƙasa aka kashe. Wanda ya ga wannan zai ce ƙungiyoyin suna nan da ƙarfinsu. Amma idan na zauna na lissafa abokan karatuna da suka samu abin yi, waɗanda ke da katin ƙungiya ba su wuce malaman makarantun gwamnati da ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma ba. Sauranmu, masu aikin banki da kamfanonin waya da makarantun kuɗi da gidajen mai, ba ruwan kowa da mu.

Shin da gaske ne kason ma'aikatan Najeriya da ke cikin ƙungiya ya ragu daga zamanin iyayenmu zuwa yau? Idan haka ne, yaushe aka fara gangarowa, kuma ma'aikatan ne suka juya wa ƙungiyoyin baya ko kuwa wani abu ne dabam? Sannan irinmu 'yan kwantiragi, doka tana lissafa mu cikin ma'aikata kuwa?

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa, Kakuri, ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Yadda ya adana katin nan bai ba ni mamaki ba, domin nawa ma yana nan, ko da yake masaƙar da ta sa aka ba ni shi yanzu ciyawa ta cinye harabarta.

Na shiga aikin masaƙa a Kaduna a 1976, saboda haka na riski tsari biyu. A tsohon tsari kusan kowace masana'anta tana da 'yar ƙungiyarta. Asalin wannan kuwa dokar Turawa ce ta 1938, wadda ta yarda ko mutum 5 ne su haɗu su yi rajistar ƙungiya, shi ya sa kafin a ankara ƙungiyoyi suka kai ɗaruruwa, manyan cibiyoyinsu na ƙasa kuma har 4 suna ta sa-in-sa da juna. Karɓar kuɗin ƙungiya a lokacin wahala ce. Ranar biyan albashi ma'aji zai tsaya a bakin ƙofa da littafinsa, biro a bayan kunne, yana tare mutane ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ba shi, wani ya ce matarsa ta haihu a yi masa haƙuri sai wata mai zuwa, wani ya sulale ta bayan masu sayar da abinci. Ƙungiyar da ba ta da ko kuɗin hayar ofis kuwa, ba wuya manaja ya saye sakatarenta.

A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta narkar da ƙungiyoyin nan ta mayar da su 42, kowane fannin aiki da tasa guda, duka a ƙarƙashin uwa ɗaya, wato NLC, wadda Kwamared Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko. Amma abin da ya sauya mana al'amari mu da ke gaban inji shi ne umarnin cewa kamfani ne zai riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya shigo hannu, ya miƙa wa ƙungiya. Layin nan da ka gani a takardun mahaifinka ke nan. Daga lokacin duk ƙaramin ma'aikacin da ya shigo ƙofar masaƙa ya zama ɗan ƙungiya, ko ya taɓa zuwa taro ko bai taɓa ba, ma'aji kuma ya huta da tsayuwar rana.

Da ka ga Kakuri a wancan lokacin, da ba ka tambayi inda ƙarfin ƙungiya yake fitowa ba. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957 a zamanin Sardauna wasu suka biyo baya, Nortex da Arewa da UNTL, har unguwar ta zama gari guda na masu aikin zare. Idan jiniya ta kaɗa lokacin canjin aiki, titi ba masaka tsinke: masu fitowa da auduga a gashin kansu da girarsu, masu shiga da kwanon abinci ɗaure a bayan keke, Hausawa da Nufawa da Tibi da Yarabawa da Ibo da mutanen Kudancin Kaduna. Dubban mutane ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, agogo ɗaya ke tashinsu, ranar biya ɗaya suke jira, mai gida ɗaya suke kuka da shi. Tara irin waɗannan ba wuya, wakilin ƙungiya ya hau benci a ɗakin cin abinci, kafin a wanke hannu kowa ya ji. A cikin wannan ƙurar Adams Oshiomhole ya taso, daga masaƙar Arewa ya zama babban sakataren ƙungiyarmu a 1982, daga baya ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007. Kuma ƙungiyar ta yi mana rana. Ba a korar mutum sai an ba shi takardar tuhuma ya amsa, wakilinmu yana zaune a wurin. Kuɗin aikin ƙarin lokaci da hutun shekara da kuɗin magani duk a rubuce suke cikin yarjejeniyar da ake sabuntawa tsakanin ƙungiya da masu masaƙu. Yajin aikin gama-gari na Mayun 1981 shi ya kai ga mafi ƙarancin albashi na naira 125, kuma a lokacin wannan kuɗin yana riƙe gida.

Gangara ta soma ne tun tsuke bakin aljihun da gwamnatin Shagari ta yi a 1982, lokacin da kuɗin mai ya faɗi, kayan aiki daga waje suka yi wuyar samu, aka fara tura mu hutun dole. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadarin rini suka yi tashin gwauron zabi. Daga nan wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin man da ke hura tukunyar tururi ya yi tsada, auduga ta ragu a gonakin Funtuwa da Gusau, atamfar fasa-ƙwauri kuma ta cika Kantin Kwari a farashin da mu ba za mu iya sayarwa ba. KTL ta rufe a 2002, UNTL da ta fi kowace girma ta bi baya a 2007.

Saboda haka amsata ga tambayarka ta biyu ita ce, a sashenmu ba wanda ya mayar da katinsa, ƙofa aka garƙame mana da kwaɗo. Ranar da aka manna sanarwa mun yi cirko-cirko muna karantawa, wasu sanye da kayan aiki domin dutin rana suka zo. Daga wannan wata ba albashi, in ba albashi ba abin cirewa, wanda ba a cire masa komai ba kuwa ya fita daga littafin ƙungiya ko da zuciyarsa tana can. Abokan aikina wasu sun koma acaɓa, wasu gadi, wasu gona, da dama kuma sun rasu suna jiran kuɗin sallamarsu. Mu da muka rage har yau nema muke yi, ni kaina ina sayar da kayan masarufi a ƙofar gida, amma ba ɗayanmu da ke cikin lissafin NLC.

Malama Mai Koyar da Hulɗar Ma'aikata, Zariya, ta rubuta:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya kuma fitar muku da haƙƙinku. Ƙanena mai tambaya, ina so ka raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato yawan mambobi da kuma kasonsu cikin dukkan masu aiki. Ƙungiya tana iya riƙe yawan mambobinta shekara 20 ba ragi amma kasonta ya zube, idan masu shigowa neman aiki kowace shekara suna faɗawa wuraren da hannunta bai kai ba. Wannan shi ne babban abin da ya same mu. NLC takan ce tana da mambobi wajen miliyan 4, a ƙasar da masu aiki a cikinta suka haura miliyan 70. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 'yan shekarun nan ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna cikin ayyukan da ba na kan takarda ba, masu karɓar albashi daga hannun wani kuwa ba su kai kashi 20 ba. Ƙungiyar ƙwadago irin wadda muka gada daga Turawa an ɗinka ta ne daidai jikin mai albashi, tun daga ƙungiyar ma'aikatan gwamnati ta 1912 da ta malamai ta 1931, har zuwa yajin aikin kwana 44 da Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa ya jagoranta a 1945. A cikin masu albashin ma doka ta cire sojoji da 'yan sanda da kwastan da jami'an shige da fice da gandirobobi da ma'aikatan Babban Banki.

Abin da ya sami masaƙu ya sami sauran wuraren da ƙungiyoyi suka yi kaka-gida. Hukumar jiragen ƙasa ta ƙanƙance, kamfanin jiragen sama na ƙasa ya mutu, kamfanin waya na ƙasa, NITEL, ya bi shi, an cefanar da sassan kamfanin wutar lantarki a 2013, haɗe bankunan da aka yi a 2005 kuma ya mayar da su 25 daga 89. Kamfanonin da suka maye gurbi sun zo da salon da kai ma kake cikinsa: su riƙe 'yan tsirarun ma'aikata na dindindin, sauran su ɗauko su ta hannun wani kamfani a kan kwantiragin shekara ɗaya ko biyu. Mutumin da ba a tabbatar masa da baɗi ba, ba sai an ce masa ya yi shiru ba.

Gwamnatoci ma sun sa hannu. Babangida ya rushe shugabancin NLC a 1988 lokacin Kwamared Ali Ciroma, Abacha ya sake rushewa a 1994 tare da na ƙungiyoyin ma'aikatan mai, NUPENG da PENGASSAN, saboda yajin aikin da suka yi kan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, aka tsare babban sakataren NUPENG, Frank Kokori, har 1998. Bayan yaje-yajen aikin da aka yi ta yi kan farashin fetur, gwamnatin farar hula ta Obasanjo ta gyara dokar a 2005, ta rubuta cewa shiga ƙungiya ganin dama ne, ta kuma kawo ƙarshen zaman NLC uwa ɗaya tilo, abin da ya buɗe wa TUC ƙofar rajista.

A nan ne nake so in saɓa wa Baba kaɗan, cikin ladabi. Gaskiya ne ƙofa aka rufe muku, amma kyautar 1978 ta zo da illarta. Ma'ajin nan da ke tsayawa a rana da littafi, duk wahalar da yake sha, dole ne kowane wata ya dubi idon ma'aikaci ya gamsar da shi cewa kuɗinsa yana da amfani. Da kuɗi suka fara shigowa asusu da kansu, ƙungiyoyi da yawa sun manta yadda ake nemo sabon mamba, domin shekara da shekaru ba su buƙaci yin hakan ba. Shi ya sa da aiki ya tashi daga manyan masana'antu ya watsu cikin rassan banki da shagunan waya da makarantun kuɗi, mutum 10 a nan 20 a can, ba a samu isassun masu bin sawunsa ba. Cikin duk abin da ƙanena ya rubuta, maganar cewa shekara 6 ba wanda ya zo ya neme shi ita ta fi damuna.

Dalilin da ya sa ƙasa ke tsayawa cik duk da ƙarancinsu kuwa shi ne wurin da waɗanda suka rage suke zaune. Masu kula da layin wuta da direbobin tankar mai da ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa da na sama da asibitoci da kotuna, su ke riƙe da maƙogwaron ƙasa. Ƙari a kan haka, idan batun fetur ne talakawan da ba su da kati sukan fito, kamar yadda aka gani a Janairun 2012 da aka ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, har gwamnati ta sauko da ita 97. Sai dai ƙarfin rufe ƙasa na kwana biyu dabam, ikon tsaya wa mutum ɗaya ranar da aka miƙa masa takardar sallama dabam. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, dokarsa ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Game da tambayarka ta ƙarshe, kai ma'aikaci ne a idon doka. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta, bai ware ɗan kwantiragi ba. Sashe na 9 na dokar ƙwadago ya hana a gindaya wa mutum sharaɗin nisantar ƙungiya kafin a ɗauke shi, ko a kore shi don ya shiga, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sauraron irin wannan ƙara. Fanninku yana da ƙungiyoyi biyu, NUBIFIE ta ƙananan ma'aikata da ASSBIFI ta manya.

Ma'aikaciyar Jinya, Arewacin Ingila, ta rubuta:

Salamu alaikum. Baba da Malama, Allah ya saka da alheri. Ina so in ƙara da abin da na gani a nan, tunda daga wurin mutanen nan muka gaji tsarin, kuma suna da lissafin mambobi na sama da shekara 100. A 1920 'yan ƙungiya a Birtaniya sun haura miliyan 8, suka faɗo ƙasa da miliyan 5 a farkon shekarun 1930 saboda rashin aikin yi, sannan suka sake hawa har suka kai ƙololuwa a 1979 da miliyan 13.2, wajen rabin masu albashi ke nan. Yanzu wajen miliyan 6 da rabi ne, kusan kashi 22 cikin 100, alhali masu aiki sun ƙaru da miliyoyi.

Garin da nake zaune kewaye yake da tsofaffin ƙauyukan masu haƙar kwal, kuma da za a fassara wa dattawan da nake jinya labarin Baba na Kakuri, da sun ce nasu ne. Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979, gwamnatinta ta yi ta fito da dokoki ɗaya bayan ɗaya: dole a kaɗa ƙuri'a kafin yajin aiki, an hana yajin taya wasu ma'aikata faɗa, daga ƙarshe aka soke tsarin da ke cewa ba a ɗaukar mutum aiki a wuri sai yana da katin ƙungiya. Masu haƙar kwal sun yi yajin kusan shekara guda daga 1984 zuwa 1985, suka koma hannu rabbana, mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta ƙarshe kuma ta rufe a Disambar 2015. Wani dattijo da na yi jinya, wanda ƙurar kwal ta cinye huhunsa, sai da ya sa 'yarsa ta kawo masa lambar ƙungiyarsa ya maƙala a rigarsa a kan gadon asibiti.

Yau kusan rabin ma'aikatan gwamnati a nan suna cikin ƙungiya, a kamfanoni masu zaman kansu kuwa wajen kashi 12 ne, kuma mata sun fi maza yawa cikin mambobi. A Disambar 2022 ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya, RCN, ta yi yajin aiki mafi girma a tarihinta zuwa lokacin, na kuma tsaya a bakin ƙofar asibiti cikin sanyin da ke ratsa ƙashi. Amma 'yan'uwanmu da suka zo aikin kula da tsofaffi a gidaje masu zaman kansu, waɗanda takardar zamansu a ƙasar take rataye a hannun mai gidan aiki, tsoronsu bai bambanta da na mai tambaya ba.

Tela, Tudun Wada, ya rubuta:

Malama, a gafarce ni, akwai abin da lissafin nan yake tsallakewa. Idan aka ce kashi 90 ba sa aikin kan takarda, kada a ɗauka a warwatse suke. Mu teloli muna da ƙungiya da shugaba da ma'aji, muna kuma biyan kuɗi kowane mako da hannunmu, ba wanda ke cire mana. Mahauta suna da Sarkin Fawa tun kafin zuwan Bature, maƙera da magina haka, 'yan acaɓa da 'yan dako duk suna da tasu. Direbobin tasha ma ƙungiyarsu, NURTW, tana cikin NLC, kuma yawancinsu ba albashi suke karɓa ba. Da masaƙu suka mutu, ƙungiyar su Baba ta waiwayo ta buɗe wa teloli masu cin gashin kansu ƙofa, wasunmu suka shiga.

Abin da na lura shi ne maganar da suka saba yi ba ita ce damuwarmu ba. Ni ba ni da manajan da zan yi wa yajin aiki, idan na rufe shago ana saura kwana uku Sallah kaina na yi wa. Damuwata ita ce wutar da zan yi guga da surfani, da masu karɓar haraji da ke zuwa da rasit iri-iri a wata ɗaya, da kuɗin asibiti idan ciwo ya kwantar da ni, da abin da zan ci ranar da idona ya daina ganin kafar allura. Sannan ina da yara huɗu a shagon, biyu masu koyo, biyu ina biyansu a kan kowace riga, to a wurinsu ni ne mai gidan aiki. Ƙungiyar da za ta kwashe mu gaba ɗaya sai ta fara sanin wa take karewa, kuma daga wa.

Malama Mai Koyar da Hulɗar Ma'aikata ta sake rubutawa:

Malam Tela, ka yi gaskiya, na kuma karɓi gyara. Maganarka ta kai mu kan ƙasashen da kason bai zube sosai ba. A Suwidin da Denmak har yau kusan mutum 2 cikin kowane 3 masu albashi 'yan ƙungiya ne, kuma babban dalili shi ne asusun tallafa wa wanda ya rasa aiki a hannun ƙungiyoyi yake, gwamnati tana ƙara masa kuɗi. Wato igiyar a jikin mutum aka ɗaura ta, tana bin sa duk inda ya koma, ranar da ya rasa aiki ma ita ce ranar da ya fi buƙatar katinsa. Tamu kuwa a jikin takardar albashi aka ɗaura, shi ya sa ta tsinke wa su Baba ranar da suka fi buƙatarta. Da gwamnatin Suwidin ta ƙara kuɗin shiga asusun a 2007, kason ya faɗo daga kashi 77 zuwa 71 cikin shekara 2, abin da ke nuna cewa a can ma mutane amfanin da ke hannu suke dubawa. Abubuwan da ka lissafa, asibiti da tsufa da haraji, su ne irin igiyar da za ta iya haɗa ka da mai tambaya a ƙungiya ɗaya.

Ma'aikacin Kwantiragi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Daren jiya na ɗauko takardar ɗaukata aiki na sake karantawa, ba inda aka ambaci ƙungiya, sai dai akwai wurin da aka ce ana iya sallamata da sanarwar mako biyu. Na yi wa abokan aiki uku maganar bayan sallar azahar. Biyu sun saurara, na ukun ya ce a Disamba za a sabunta kwantiraginsa, matarsa kuma tana da tsohon ciki, ban kuwa ga laifinsa ba. Baba, kafin 1978, lokacin da ba doka ce ke kawo muku mambobi ba, ta ina kuke farawa?

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa ya sake rubutawa:

Ɗana, ba a cikin masaƙa muka fara ba, kuma ba da maganar ƙungiya ba. A teburin mai shayi muka fara, mu bakwai 'yan dutin dare, da adashe. Mai riƙe littafin adashe kafin wata shida ya san wanda ke cika alkawari da wanda bakinsa ba ya riƙe magana. Ana nan sai inji ya cinye wa ɗayanmu yatsu biyu, aka so a sallame shi da albashin wata guda. Bakwai ɗin nan kowa ya jawo waɗanda ya yarda da su, muka rubuta takarda ɗaya, muka sa hannu a zagaye domin kada a gane wanda ya fara, muka shiga ofis gaba ɗaya muka tsaya. An biya masa magani, aka mayar da shi sito, a nan ya yi aiki har ranar da aka rufe masaƙar.

Kai kuma kana da abin da mu ba mu da shi a lokacin, wato ƙungiya mai rajista da lauyoyinta. Ka nemi ofishinta ka je da ƙafarka ranar da ba ka aiki, tun kafin magana ta kai kunnen manaja, ka tafi da kwafin takardar ɗaukarka da ta albashinka, na asali kuma ka bar su a gida cikin akwatin mahaifinka. Shi kuwa mai jiran haihuwa ka ƙyale shi har Disamba ta wuce, amma ka sa shi cikin adashen.